Yadda Ake Haɗa Akwatin Iska Don Ganin 'Yan Guguwar Da Ke Tashi A Bayan Gini

Duk wanda ya yi hunturu a Katsina ya san wannan. Iska na kaɗowa daga arewa maso gabas, ka raɓe a bayan katanga don ka tsira daga ƙura, sai ka tarar da ledojin fiya wata da busasshen ganyen bedi suna ta zagaye a gabanka, wasu ma suna komowa gindin katangar, suna nufar inda iskar ta fito. Bayan gini ba wurin hutun iska ba ne. A can take naɗewa ta yi 'yar guguwa, ta sake ta, ta kuma naɗe wata. Na daɗe ina zana wa ɗalibaina na sakandare wannan a allo, suna kwafa a littafi amma zuciyarsu ba ta karɓa ba, sai da na fara haɗa akwatin da ke nuna abin ƙuru-ƙuru. Gani ya kori ji. Na haɗa shi sau da dama, da kwali da kuma filawud, ga kuma yadda nake yi.

Kayan da za ka tanada

- Kwali mai kauri, irin na firji ko na babbar talabijin, ko filawud siriri in kana son abin ya daɗe. Za ka fitar da falle 4, kowanne tsawon santimita 160, faɗin 30.
- Ƙarin kwali mai yawa, wanda in ka duba bakinsa za ka ga ƙananan ramuka a jere.
- Gilashi ko roba mai haske falle 2, kamar santimita 60 da 25. In babu, leda mai kauri mai haske ta isa, muddin ka ja ta ta miƙe.
- Fanka ta tsaye. In wuta ba ta zama a unguwarku, nemi fankar lagireto ta mota wajen masu sayar da tsofaffin kayan mota, ka haɗa ta da batir.
- Ragar sauro ta taga, kamar mita 1.
- Turaren tsinke fakiti 1, gwangwanin madara mai murfi, da tiyo mai haske irin wanda magina ke daidaita gini da shi, mita 1.
- Tocila mai ƙarfi, baƙin fenti marar sheƙi, gam, salatif mai faɗi, reza, almakashi, abin awo, alli.
- Tsakuwa mai girman ƙwayar gyaɗa cikin tafi biyu, dusar katako daga wajen kafinta, da zaren ulu.
- Guntayen katako 2 daga kafinta: gajere mai santimita 4 ta kowane ɓangare, da dogo mai faɗi 4, kauri 4, tsayi 12. Ka ce masa kada ya goge gefunan, ya bar su da kaifinsu.
- Waya 2: ɗaya mai ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya, ɗaya ta nuna agogon daƙiƙoƙi.

Ɗan abin da ya kamata ka sani kafin ka ɗauki reza

Iska ba ta iya karya kwana mai kaifi. In ta iso bakin gini sai ta saki bangon ta zarce, ta bar gurbi a baya inda matsinta ya yi ƙasa. Ta gefen gurbin tana gudu, ta ciki tana jan ƙafa, gogayyar da ke tsakaninsu ce ke naɗe iskar kamar tabarma. In naɗin ya yi girma sai ya ɓalle ya bi sauran iska, na ɗaya gefen ya soma. Dama, hagu, dama, hagu. Fiton da wayar lantarki ke yi in iskar hadari ta taso, shi ne wannan: waya mai kaurin santimita 1 a cikin iskar da ke cin mita 10 a daƙiƙa tana sakin guguwa kusan sau 200 a daƙiƙa ɗaya, kunne ya ji shi kamar kuka. Wani masani ɗan ƙasar Cek, Vincenc Strouhal, shi ya auna wannan kuka na waya a 1878, don haka lambar da za mu lissafa a ƙarshe take ɗauke da sunansa. Shi kuwa jerin guguwar, ana jingina shi ga Theodore von Karman, wanda ya yi lissafinsa a Jamus a 1911.

Gini ya bambanta da waya ta hanya uku. Yana zaune a ƙasa, yana da kai da iska ke haurewa, sannan iskar da ke iso masa ta riga ta hargitse, ta bi ta kan gidaje da bishiyoyi da gonaki. Waɗannan ukun ne za mu kwaikwaya a cikin akwati.

Mataki na 1: Haɗa jikin akwatin

Shafa wa cikin fallen nan 4 baƙin fenti kafin ka haɗa su, ka bari ya bushe. Farin hayaƙi ba ya fita sai a kan baƙi, kuma fenti mai sheƙi zai riƙa maido maka da hasken tocila ya kashe hoton. Haɗa su su zama dogon bututu mai kusurwa huɗu, baki 30 da 30, buɗe gaba da baya. Daga bakin shiga auna santimita 90, daga nan zuwa 150 ka yanke taga a gefe ɗaya da kuma a sama, ka manna gilashi. Gilashin ya zauna daidai da fuskar bangon ciki, kada ya bar tudu ko rami, domin kowane tudu a cikin akwatin nan gini ne mai haifar da tasa guguwar.

Bi duk mahaɗa da salatif ta waje. Fanka za ta zuƙi iska ne, saboda haka duk wata kafa da ka bari za ta riƙa shigo da iska ta gefe ta karkatar da hayaƙi, ka yi ta neman laifin a inda babu shi.

Mataki na 2: Gyara bakin shiga

A nan ake cin nasara ko a fāɗi, kuma a nan aka fi yin gaggawa. Iskar ɗaki tana da nata yawo, dole a taje ta kafin ta shiga. Ɗauki kwalin nan mai ramuka, ka yanka shi tsiri-tsiri, faɗin santimita 5, tsawon 30, yadda ramukan za su ratsa faɗin, wato in ka ɗaga tsirin ka leƙa za ka hango haske ta cikinsu. Jera su ɗaya kan ɗaya har su cika bakin akwatin, sai su zama kamar saƙar zuma. In kwalin mai kaurin milimita 4 ne za ka buƙaci kusan 75. Yi amfani da sabuwar reza, domin dakusasshiya tana murƙushe bakin ramukan ta toshe su. Gam kuma a saka shi a ƙarshen tsirin kawai.

Wasu na amfani da tsinken shan lemo, yana kuma aiki sosai, sai dai bakin 30 da 30 zai ci guntaye kusan 2,900 masu tsawon santimita 5, wato tsinke fiye da 700. In kana da ɗalibai masu hannu da yawa, to madalla. In babu ko ɗaya daga cikin biyun, raga falle 3 da tazarar santimita 3 a tsakaninsu za ta rage ɓarnar.

Bayan saƙar zuman ta ciki, ja raga falle 1 ka ɗaure ta tamau. Ta waje kuma ka lanƙwasa kwali a gefuna huɗu ya buɗe kamar bakin kakaki, don iska ta shigo ba tare da ta ci karo da kaifin baki ba.

Mataki na 3: Saka fanka

Fankar a ƙarshen akwati take zama, tana jan iska tana fitarwa waje. Kada ka sa ta a gaba ta hura ciki. Iskar da ta fito daga fanka a murɗe take kamar igiya, ba kuma saƙar zumar da za ta warware ta duka. Wannan shi ne kuskuren da na yi a akwatina na farko, na kwana biyu ina ganin hayaƙi yana juyawa tun kafin ya kai ga katako.

Da yake fankar ta fi bakin akwatin faɗi, yi mazurari na kwali mai tsawon kamar santimita 50 wanda ke buɗewa a hankali zuwa girmanta. Sa raga tsakanin akwati da mazurarin don ta tare dusa. Sau da yawa ko lamba ɗaya ta fanka ta yi wa hayaƙi sauri. Maganinsa mai sauƙi ne: ja fankar baya kaɗan ta bar rata, sai ta riƙa zuƙar wani kaso daga ɗaki, ta ciki ta lafa. Duk inda ka samu gudun da ya yi maka, zana alli a ƙasa kewaye da gindin fankar. In da batir kake aiki, ka sani yana raguwa gudun iska na raguwa, sai ka riƙa sake awo.

Kashe fankar sama, rufe tagar da ke kusa da bakin shiga, ka bar aƙalla mita 1 tsakanin bakin da bango. Bakin fita ya fuskanci ƙofa don hayaƙi ya samu mafita.

Mataki na 4: Tukunyar hayaƙi da haske

Huda ƙananan ramuka 5 ko 6 a gindin gwangwanin, ka huda murfin daidai bakin tiyo. Kunna turare tsinke 4 ko 5, kafa su cikin ɗan yashi a ciki, ka rufe. Amfanin tiyon shi ne hayaƙin ya huce a hanya. In ka riƙe tsinken turare kai tsaye a cikin akwati, hayaƙin da ɗuminsa zai riƙa tashi sama da kansa, ka ɗauka aikin iska ne.

A daɓen akwatin, santimita 105 daga bakin shiga, a tsakiya, yi alamar inda katako zai zauna. Huda rami ɗaya santimita 8 a gabansa, ɗaya kuma santimita 1 a bayansa; a cikinsu za ka riƙa soka bakin tiyo. Wanda ba ka amfani da shi ka toshe da salatif. Matsin cikin akwatin ya gaza na ɗaki, don haka shi da kansa zai riƙa tsotso hayaƙin a hankali. In ya yi rauni, ɗan fifita gindin gwangwanin. Kada ka hura da ƙarfi. Hayaƙin da ya fito da gudu ya zama iska ta biyu. Tanadi kuma bututun biro da za ka soko ta bangon gefe a ƙarshen tiyo, don kai hayaƙi daidai tsakiyar tsayin katako.

Haske kuma faifai ake so, ba ambaliya ba. Yanka tsaga mai faɗin milimita 3 a kwali, ka haska tocila ta cikinta. In za ka kalla ta gefe, ɗora tsagar a gilashin sama ta bi tsawon akwatin ta tsakiya. In za ka kalla ta sama, manna ta a gilashin gefe a kwance. Ɗakin ya yi duhu. Bayan sallar isha'i aikin ya fi kyau. Duk mai ciwon asma ya tsaya nesa da bakin fita, kuma kada wani ya kawo maka maganin sauro na kunnawa a madadin turare, ba hayaƙin da za a shaƙa na awa guda ba ne.

Mataki na 5: Gwada akwatin babu komai, ka auna gudu

Kafin ka sa katako, saki hayaƙi ta bututun biro. Ya kamata ya miƙe kamar zare na kusan taki ɗaya ko biyu kafin ya baje. In yana karkata gefe, akwai kafa. In yana murɗewa, duba saƙar zuma. Kada ka wuce wannan mataki sai ya gyaru.

Ja layi 2 a gilashin gefe, tazarar santimita 40. Matse tiyo ka saki don hayaƙi ya fito dunƙule, ka ɗauki bidiyonsa yana ƙetare layukan, da wayar agogo a cikin hoton. Raba tazarar da lokacin. Misali, in ya ci rabin daƙiƙa, gudun mita 0.8 ne a daƙiƙa. Tsakanin 0.5 da 1 ake so. A irin wannan gudu, da katakon santimita 4, lambar Reynolds, wato ma'aunin da ke haɗa gudun iska da girman abu da danƙon iskar, tana kai wa kusan 2,000, wadda ta isa mai kaifin gefe ya nuna halin da babban gini ke nunawa. Dalilin barin gefunan da kaifi ke nan: kaifin ne ke yanke wa iska inda za ta saki bango, ko a ƙaramin abu ko a babba.

Mataki na 6: Hargitsa iskar kamar ta gari

Zai zama kamar ɓata aikin mataki na 2, amma ba haka ba ne. Can mun cire hargitsin da ba mu san asalinsa ba, nan za mu sa wanda muka sani. Yanka kwali 4 masu kusurwa uku kamar zankon soro, tsayi santimita 15, gindi 3, ka kafa su a jere bayan raga, tazarar 7.5 tsakaninsu, fuskarsu na kallon iska. Daga nan zuwa bakin taga, shimfiɗa siririn kwali baƙi da ka manna wa tsakuwa, kowace da tazarar kamar yatsa biyu, layi na biyu ya faɗa tsakanin na farko. Kada ka manna shimfiɗar a daɓe, don ka iya zare ta ka gwada bambanci.

Yanzu iskar kusa da daɓe ta rage gudu, ta sama ta ƙara, kamar dai yadda take a waje. Shi ya sa injinan wutar iska na Lambar Rimi, a jihar Katsina, suke kan dogayen ƙarafa: can sama iska ta fi ƙarfi, ta kuma fi natsuwa. Sake auna gudu, a wannan karon daidai tsayin kan katakon da za ka sa.

Mataki na 7: Sa gajeren katako ka duba abu uku

Manna shi a daɓe da ɗan gam, fuska ɗaya na kallon iska sak. Kada a bar rata a ƙarƙashinsa ko ta kaurin farce ce.

Fara da ramin gaba, kana kallo ta gefe. Za ka ga hayaƙin bai kai ga katako ba ya tsaya, ya naɗe a gindinsa yana juyawa baya. Koma kallo ta sama: naɗin ya rungumi katakon ya saki ƙafa biyu zuwa baya, siffar kofaton doki. Iskar da ta bugi fuskar gini ce ke gangarowa ƙasa ta haifar da shi. Shi ne ke share yashi daga gindin bangon da ke fuskantar iska ya tara shi ɗan nesa kaɗan, kuma shi ne a cikin ruwa ke ƙwaƙule gindin ginshiƙin gada lokacin da gulbi ya kawo.

Sannan ramin baya. Hayaƙin ba zai bi iska ba. Zai manne a bayan katako, ya hau sama, ya cika gurbin, yana zagaye. Abin da ke wurin guguwa ce mai ƙafa biyu a ƙasa, dama da hagu, sun haɗe ta sama kamar bakan gizon da magina ke ɗaurawa a zaure. Tsawon gurbin yakan kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na tsayin katakon. Ni a nan nake tsayar da ɗalibai in tambaye su: wanda ya ajiye janareto ko murhu a bayan ɗaki, kusa da taga, yana cewa iska za ta tafi da hayaƙin, ina hayaƙin zai je? Sukan yi shiru, domin amsar tana gabansu.

Na uku, kai hayaƙi bakin rufin katakon ta gaba. Iska za ta ɗaga daga kaifin ta bar kumfa a kan rufin. Zare shimfiɗar tsakuwa da zankayen ka sake dubawa: a natsattsiyar iska takan haure rufin gaba ɗaya, a hargitsattsiya kuwa takan dawo ta sauka a kansa kafin ƙarshe. Hargitsi na gajarta gurbi, domin yana cakuɗa mai gudu da mai jan ƙafa da wuri.

Mataki na 8: Sa dogon katako ka ƙirga

Gajeren katako ba ya nuna dama da hagu sosai. Iskar da ke zubowa ta kansa tana danne abin. Sai tsayi ya zarce kamar ninki biyu na faɗi sannan musayar ke fitowa fili, shi ya sa muka yanka mai santimita 12. Yana tare kashi 5 cikin 100 na bakin akwatin. Kada ka sa wanda zai tare fiye da kashi 10, don iska za ta matse tsakaninsa da bango ta ƙara gudu, lissafi ya lalace.

Sa faifan haske a kwance a tsayin santimita 5 ko 6, kai hayaƙi gefen katakon da bututun biro, ka ɗauki bidiyo ta sama. Za ka ga bayan katakon yana kaɗa jela kamar kifi, dunƙulen hayaƙi na ɓallewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙirga na gefe ɗaya kaɗai cikin daƙiƙa 10. Kuskure biyu ake yi a nan. Na farko, ƙirga dama da hagu tare, sai adadin ya ninka. Na biyu, amfani da lokacin da bidiyon ke nunawa: wayar da ta ɗauki hoto 120 a daƙiƙa tana nuna shi ne da jinkiri ninki 4, mai 240 ninki 8. Agogon da ke cikin hoton shi ne abin dogaro.

Lissafin lambar Strouhal: adadin saki a daƙiƙa, sau faɗin katako da mita, a raba da gudun iska. A ce ka ƙirga 21 a daƙiƙa 10, wato 2.1. Sau 0.04 ya ba da 0.084. Raba da 0.8, ka samu 0.105. Dogon abu mai kusurwa huɗu da ba shi da kai a cikin iska yakan ba da kusan 0.13, mai zagaye kamar waya kusan 0.2, wanda ke zaune a ƙasa da kai a buɗe kuma yakan sauko wajen 0.1. In ka samu 0.2 da katakon nan, kusan tabbas ka ƙirga gefe biyu.

Kada ka sa ran bugun agogo. A hargitsattsiyar iska sakin yakan yi sau biyar a tsare, ya rikice, gefe biyu su saki tare, sannan ya dawo. Ba laifin akwatinka ba ne, halin abin ke nan. Maimaita sau 5 ka ɗauki matsakaici. Sannan matso da fanka gudu ya ninka, za ka ga adadin sakin ya ninka, lambar kuwa ta tsaya kusan inda take. In ɗalibi ya ga wannan da lissafin hannunsa, darasin ya zauna.

Mataki na 9: Dusa a daɓe

Kashe turare, fitar da gwangwanin daga ɗakin tukuna; dusar katako da wuta ba sa zama wuri ɗaya. Tankaɗe dusar, barbaɗa ta siriri ko'ina kewaye da katako, ka ƙara gudun fanka sannu a hankali. Inda ya fara wankewa shi ne inda iska ta fi cizo: gefen kusurwoyin gaba biyu, da zoben kofaton dokin. Inda ta taru, a baya ne. Ɗauki hoto a kowane gudu. Washegari ka zagaya bayan gidanku ka dubi yadda yashin hunturu ya kwanta, za ka gane zanen.

Mataki na 10: Canja abu ɗaya-ɗaya

Juya gajeren katako kusurwarsa ta fuskanci iska, ka kai hayaƙi daidai kan kusurwar ta sama. Guguwa biyu masu siffar mazurari za su kwanta a kan rufin suna bin gefuna biyu, suna juyawa da sauri. Wannan gwaji na fi so kafintoci su gani. A ƙarƙashin waɗannan mazurarai ne iska ta fi tsotsar rufi sama, shi ya sa in iskar farkon damina ta yaye kwano, yawanci daga kusurwa take farawa. Ƙusa da ɗaurin katako ya kamata su fi yawa a kusurwa da gefen rufi, ba a raba su daidai ko'ina ba. Gajeren rawani a kan bango ba ya kawar da wannan, wani lokaci ƙara shi yake yi. Mai tsayi ne ke ɗaga guguwar daga jikin rufin.

Sai katanga. Kafa kwali mai tsayin santimita 3 ya ratsa akwatin daga bango zuwa bango. Gurbin bayansa zai yi tsawo ƙwarai, ninki 10 na tsayinsa ko kusa da haka, tunda iska ba ta da gefen zagayowa. Huda shi ramuka har kusan kashi ɗaya cikin uku na fuskarsa ya zama fili, ka sake gwadawa: komowar hayaƙi baya za ta ɓace, iska ta riƙa tsiyayowa a hankali. Dalilin da ya sa dangar zana ko ta kara ta fi katangar bulo sanyin zama a bayanta ranar iska ke nan, kuma shi ya sa shingen bishiyoyin da aka dasa a arewacin jihar nan, wajen Daura da Mai'aduwa, yake kare gona ta nesa ba tare da ya tare iska ɗungurungum ba.

In akwai sauran lokaci, sa guntun bututun roba a tsaye ka ƙirga, sannan ka naɗa masa igiya 3 a karkace daga sama zuwa ƙasa, kaurin kowace kamar kashi ɗaya cikin goma na faɗin bututun. Sakin zai rikice ya rasa tsari. Dabarar Christopher Scruton ce, daga Ingila a shekarun 1950, ita ce ƙarfen da ake gani a naɗe a saman dogayen bututan hayaƙi na masana'antu. Haɗarin da take karewa shi ne sakin guguwa ya zo daidai da kaɗawar ƙarfen ta asali, turi ya riƙa hawa kan turi har walda ta tsage. Dogon ƙarfen eriya ko na fitila da ka ga yana rawa gefe da gefe a iskar da ba ta kai ta kawo ba, abin da ke damunsa ke nan.

Mataki na 11: Fita da shi waje

Ɗaura zaren ulu mai tsawon taki ɗaya a kan sanda, ka jira ranar hunturu da iska ta tsaya a fuska ɗaya, da hantsi ya fi. Nemi doguwar katanga mai fili a bayanta, irin ta makaranta ko filin idi, ka auna tsayinta. Tsaya a gindinta ta baya, sandar a tsayin gwiwa. Zaren zai riƙa nuna katangar. Yi ta takawa kana nisanta, kana tsayawa minti guda a kowane taku biyu. Akwai inda zaren zai rasa alƙibla, ya yi gaba ya yi baya. Nan ne iska ke sake sauka ƙasa. Gaba da nan sai ya miƙe ya bi iska. Raba nisan da tsayin katangar, ka kwatanta da abin da kwalin santimita 3 ya ba ka. In iskar na zuwa a karkace, ko akwai gini ko bishiya a gaban katangar, adadin zai ragu, sai ka rubuta fuskar iskar da abin da ke wurin a gefen awonka, ka sake komawa wata rana.